Kujeru Biyu Masu Tsayi Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ni ne Ɗan'azumi Kafinta na Gyadi-Gyadi, mahaifin Inuwa da Husaina da Isyaku. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina ƙalau, babu wanda ya tsaya a kaina. Jiki ne ya gaza, kan kuwa yana nan yadda kuka san shi, har da taurinsa. Likitocin asibitin Malam sun yi iya ƙoƙarinsu, sun kuma gaya mini gaskiya, na gode musu. Idan ta Allah ta kasance a kaina, a karanta wannan a gabanku ku uku da mahaifiyarku Rabi, kada a tsallake komai don wai wani zai ji nauyi.

Na ɗaya. Gida da shago da ɗan abin da ya rage, a kira liman ya raba yadda shari'a ta tanada. Roƙona kawai, ku bar mahaifiyarku a ɗakinta muddin tana son zama.

Na biyu. Zarto da guduma da injin gyaran katako na yi wasiyyarsu ga Matthias, abokin aikina tun muna samari, ba su kai sulusi ba. Isyaku, kada ka ɓata rai. Kai da ba ka taɓa buga ƙusa ba ka samu yatsanka ba, riƙe adaidaita sahunka, Allah ya sa mata albarka.

Na uku. Kujeru biyun nan na ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure na Husaina ne. Tun ina da rai na ba ta su, kyauta ce, ba sa cikin gado. Ɗakin ma ina roƙon a bar mata shi har ta gama karatunta. Bari in faɗi dalili, don na san kuna ganin katako ne kawai.

Duk rayuwata kayan makaranta na yi. Benci ƙasa-ƙasa na yara, tebur da doguwar kujera ta malami. A tunanina haka ilimi yake, daga sama yake sauka. Da Husaina ta fara digiri na biyu a Jami'ar Bayero, a fannin ba ɗaliban makaranta shawara, sai ta ce in yi mata kujeru biyu, don makarantar da take koyarwa a Tarauni ba ta da ɗakin da za a keɓe da yaro. Na zage na yi mata tata da madaci, mai hannu, mai tsayi, irin ta manya, har da tebur a gabanta. 'Yata ce fa, malama guda! Ta zo ta duba, ta yi murmushi, ta ce, "Baba, ta yi kyau, amma a rage mata ƙafa ta daidaita da ɗayar. Tebur ɗin ma a fitar da shi." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wace irin malama ce za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗaliba? Ta ce yaron da sai ya ɗaga kai zai kalle ka, abin da kake so ka ji zai faɗa maka, ba abin da ke damunsa ba. Ina gunaguni na ɗauko zarto na yanke ƙafafun nan.

Wata Asabar da hantsi ina gyaran ƙyauren zaure, wata mata daga Unguwa Uku ta kawo 'yarta. Yarinyar ta shiga ɗakin wurin Husaina kanta a sunkuye, kamar wadda za a yi wa hukunci. Daga inda nake ina hango su ta taga, amma ba na jin magana. Na zuba ido in ga wa'azin da aka yi shekaru ana koya wa 'yata. Wallahi babu. Husaina ta ɗan yi magana kaɗan, sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har ni da ke waje na ƙosa. Da ni ne, da tuni na cika ɗakin da nasiha da labarin zamaninmu. Ita ko a jikinta, ba ta duba waya ba, ba ta gyara zama ba. Can sai na ga kafaɗun yarinyar sun sauka, bakinta ya buɗe, ta yi ta magana hawaye na zuba. Da ta fito sai da ta tsaya ta gaishe ni, tana kallon fuskata. Na ajiye guduma na ce Allahu Akbar, ashe akwai karatun da ake yi don a iya sauraren mutum, kuma jinina ce ta iya shi. Har yau in na tuna sai in ji ni ɗan ƙarami.

Yanzu tana digiri na uku. Bincikenta a kan 'yan matan da ke daina zuwa makaranta gab da jarrabawar ƙarshe ne. Ta taka makarantun Tarauni da Hotoro da Unguwar Gano har takalminta ya cinye. Abin da ya rage ta kammala rubutun, ta kare shi a gaban farfesoshi. Ba zan ga ranar ba, wannan kuwa yana mini zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inuwa, da kai nake.

Ka tuna bara da 'yarka Sadiya ta daina cin abinci, ta ƙi makaranta. Ka yi faɗa, ka yi lallashi, an sha rubutu, an je kemis, shiru. Da ƙafarta ta zo wurin gwaggonta ta zauna a kujerar nan. Bayan haka Husaina ta haɗa ta da abokiyar aikinta Malama Bisi, don ta ce ƙa'idar aikinsu ba ta son mutum ya riƙe ɗan'uwansa da kansa. Yarinya ta warware, ta koma aji, ta ci jarrabawarta. Maimakon murna, ka zo ka tsare ƙanwarka sai ta gaya maka abin da Sadiya ta faɗa. Ina tsakar gida na ji amsarta. Ta ce, "Yaya, da akwai abin da zai cutar da ita, kai ne farkon wanda zai ji. Sauran nata ne, ita za ta gaya maka ranar da ta shirya." Ka ce boko ya sa ta raina ka. Tun ranar ba ka amsa gaisuwarta ba, har da ranar Sallah.

Na san ciwonka. Uba ne kai, kana ganin an rufe maka ƙofa a kan 'yarka. Amma ka san inda abin ya kai? Husaina ta gaya wa mahaifiyarku cewa in karatun nan ne ya raba ta da yayanta, za ta ajiye shi. Kuma na san ta, za ta aikata. Husaina, ban yarda ba, ko ina raye ko ina kwance a kabari. Inuwa, idan ta ajiye, ba ita kaɗai ka cuta ba, har da yaran mutane da ba ka san sunansu ba.

Na biyar. Ranar da na dawo daga asibiti da maganar likita, bayan la'asar, ban shiga cikin gida ba. Ƙafata ce ta kai ni ɗakin zaure, na zauna a kujerar yara. Husaina ta shigo ta zauna a tata, wadda na yanke. Ba ta ce mini "Baba ka yi haƙuri" ba, ba ta yi saurin ce mini zan warke ba. Shirun nan nata ta yi mini. Ni da ban taɓa kuka a gaban 'ya'yana ba, sai ga shi ina kuka, na faɗi abin da ko Rabi ban gaya wa ba. Na tashi zuciyata sakayau, na yi sallar magariba da natsuwar da na daɗe ban samu ba. Shi ya sa kuka ga ina ta zolayarku a kwanakin nan.

Ku kwantar da hankalinku, ba maganar dukiya ba ce, ba kuma haƙƙin kowa a ciki. Tawa ce, na ba ta ajiya. Isyaku da Rabi, kada ku tambaye ta. Inuwa, kai na ba ka izini. Bayan an gama zaman makoki ka je ka tambaye ta me Baba ya ce. Ka yi mata tsawa in ka ga dama. Ba za ta faɗa ba. A ranar za ka gane cewa abin da ta riƙe wa 'yarka shi ta riƙe wa ubanka, kuma ba za ka so ta sake shi ba.

Ranar da za a kira ta dakta, kai za ka tsaya a madadina. Ka sa farar babbar rigata, ka zauna a gaba inda za ta gan ka, ka riƙe hannun mahaifiyarku.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a, ya haɗa kanku, kada ya bar shaiɗan ya sake shiga tsakaninku. Ku riƙe salla, ku riƙe zumunci, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko da ranar Juma'a ce. Allah ya sada mu a Aljanna.

Inuwa, idan ka gama tambayarta ta ƙi, kada ka fita. Ɗayar kujerar tana nan babu kowa a kai. Ni na haɗa ta, na kuma gwada ta da kaina, tana ɗaukar babban mutum. Ka zauna.

Mahaifinku,
Ɗan'azumi Kafinta
Gyadi-Gyadi, Kano