Igiyoyin Firmino Suna Nan a Gurbi na Sha Huɗu

Mindelo, São Vicente
3 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Celestina,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa sanyin Rotterdam bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba, ya ƙara miki ƙarfi da nisan kwana. Mu nan lafiya lau. Inna Joana ta warke daga tarin, har ta koma faɗa da maƙwabta, jikar Djosa mai gyaran jirage kuma an yi mata baftisma ranar Lahadi, an ci kachupa, faten nan namu na masara da wake, har aka raba wa 'yan layi. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya ke kike magana ni ina saurare, tun muna yara haka muke. Yau dai sai kin ji ni har ƙarshe.

Na san kin kira Nho Olavo, mai kula da tashar jiragenmu. Kada ki ga laifinsa, bai kai ƙararki ba. Zuwa ya yi ya same ni a gadar katako, hula a hannu, yana ta kame-kame, wai babbar yaya ta bugo daga Turai ta ce wata takwas da ɓacewar ƙanenmu Firmino sun isa, a kwashe igiyoyin ɗaure jirginsa daga gurbi na sha huɗu a ba wani wurin. Na ce masa babbar yaya ta shekara ashirin da shida ba ta taka katakon nan ba, in tana so a kwashe, ta hau jirgin sama ta zo ta kwance da hannunta. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ƙona ni kuwa shi ne maganar da kika faɗa wa Nélida, 'yar Firmino. Yarinyar nan tana zaune a gidanki, tana cin abincinki, ki dube ta ki ce mata ubanta ya saba, wataƙila yana Brazil yana shan iska. Ta kira ni tana kuka, ta tambaye ni ko gaskiya ne ya gudu ya bar ta.

To bari in tuna miki abin da kika manta. Wanda zai bar tasha gaba ɗaya, da igiyoyinsa yake tafiya, domin zai buƙace su a inda zai sauka. Wanda zai je ya dawo kuwa, a turke yake barinsu. Lokacin da ƙanenmu ya gudu Brazil yana saurayi, ai ke kika fara ganewa, da kika leƙa bakin ruwa kika tarar ko guntun zare bai bari ba. Wannan karon tsibirin São Nicolau ya ce zai je, kwana uku. Da ni za a tafi, kamar kullum cikin shekara sha ɗaya da muka yi muna fita teku da baƙi tare, haƙori ne ya hana ni. Ina tsaye da kumburarren kunci ya naɗe igiyoyin nan huɗu, sababbi, waɗanda ya kwana biyu yana kitsa bakinsu da hannunsa, ya ajiye kowace a gindin turkenta. Ya ce in ya dawo in miƙa masa igiyar gaban jirgi tukuna, kada in yi masa shirmen da na saba. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Nho Olavo ya yi mini bayani a hankali, kuma gaskiyarsa ne. Watan Nuwamba ne, jiragen masu tsallaka teku sun cika tashar, wasu ma a waje suke kwana, ba zai iya barin gurbi babu jirgi ba. Na ce in dai jirgi ne matsalar, ya ba ni kwana goma. Ya tambaye ni wane jirgin, na ce Andorinha. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, wai wannan akwatin na Baba da kaji ke ƙwai a ciki a bayan gidan Djosa? Na ce shi fa. Kwana tara muka yi a kansa. Djosa ya toshe ramuka yana zagina, wai duk zuriyarmu babu mai taurin kai irina, in na nutse kada in kuskura in ambaci sunansa a lahira. Wata Bafaranshiya da ke gurbi na sha biyar ta ba ni tsohon zanen jirginta, wanda iska ke turawa, na rage shi na ɗinke. Ran na goma muka jawo Andorinha muka ɗaure shi da igiyoyin Firmino. Na kulle ɗakina na cikin gari, na kwaso katifa da tukunya, yanzu a cikinsa nake kwana.

Fitar farko ni kaɗai na yi, kuma na ji tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba. Na kwance igiyoyin na naɗe su a gindin turke yadda Firmino yake yi. Kin san iskar da ke tsakaninmu da Santo Antão ba ta san wasa ba. Na zagaya ɗan tsibirin Djeu na juyo, zane ya cika, ruwa yana dukan fuskata, sai na ji ina kuka ina kuma dariya. Wajen shigowa na yi shirmen da Firmino ya hana ni, na zo da gudu na bugi katako har tukunyata ta kife. Ina ɗaga kai sai ga Nho Olavo tsaye da igiyar gaba a hannu. Ya miƙo mini yana cewa, Benvinda, in haka za ki riƙa shigowa, gara ki faɗa mini in sayo sabuwar gada. Tun daga ranar na fita sau goma sha uku, shida da baƙi, kuma ban sake bugun komai ba.

Kada ki ɗauka na haukace. Ba na zama ina kallon bakin teku ina jiran jirginsa. Na san teku, na san abin da wata takwas ke nufi, Firmino ya rasu, Yaya, yau na rubuta shi da hannuna. Addu'ar da kike so a yi masa a coci, ki sa rana, ki yi a can, ni ma zan je wurin Fada a yi a nan rana ɗaya. Amma zuwa Rotterdam da kike ta yi mini nacinsa, ba zan zo ba, igiyoyin nan kuma ba mai taɓa su. Ƙanenmu ya bar shaidar cewa zai dawo, teku ne ya hana shi, kuma ba zan yarda a kwashe shaidar a bar 'yarsa da zancen Brazil ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, ki ba Nélida takardar nan ta karanta da kanta, kada ki karanta mata ki tsallake inda bai yi miki daɗi ba. Nélida, 'yata, ubanki bai gudu ba. In kin samu hutu ki zo, akwai wurin kwana a Andorinha. Zan fita in dawo, ki tsaya a gurbi na sha huɗu ki miƙo mini ta gaba, ki ga kitson da ya yi mata da niyyar dawowa gare ki.

Ki gaida maigidanki Nho Adriano, da Vanda da Hélder, da Kawu Lela in har yanzu yana gane mutane. Inna Joana da Djosa suna gaishe ki. Fushin da nake yi da ke bai hana ni kewarki ba, Allah ya sani.

Taki har kullum,
ƙanwarki Benvinda