Addu'ar da Shuhrat Ya Yi wa Abokin Karawarsa

Andijon, 3 ga Maris

Zuwa ga yayana Tolib-aka,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da sanyin Kazan da aikin gini. Inna tana gaishe ka.

Ƙanenka Shuhrat ya sa hannu zai yi dambe a Tashkent ranar ashirin ga Afrilu, a ajin masu nauyi. Shekararsa arba'in da uku, yaya. Wanda zai kara da shi, Doniyor, shekararsa ashirin da huɗu, kuma ɗan unguwarmu ne. Uwarsa Gulchehra-opa ce, wato Yaya Gulchehra, wadda muke ɗinki a shago ɗaya, yanzu ko ido ba ma iya haɗawa. A gidan shayi kuwa maza ba su da zance sai wa zai kayar da wa, kamar ba ɗan mutum ake magana a kai ba. Kai yake jin maganarka. Ka hana shi.

Ƙanwarka,
Mohira

Kazan, 14 ga Maris

Mohira,

Wa'alaikumus salam. Ki gaishe da Inna.

Ke da ɗinki kika sani, ina ke ina dambe? Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a kusurwar Shuhrat da tawul a kafaɗa, ban taɓa jefa shi ba. Yaron yana da sauri, na yarda, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Zai ƙone ƙarfinsa a turmi huɗu na farko, a na takwas Shuhrat ya aje masa naushin dama ɗaya. Na gaya wa duk mutanen ɗakinmu haka. Ki bar tsoro.

Yayanki,
Tolib

Andijon, 25 ga Maris

Tolib-aka,

Gaisuwa mai yawa. Shuhrat ya rantsar da ni kar in faɗa, ga shi zan faɗa, Allah ya yafe mini. Bara an yi wa Shuhrat aiki a idon hagu. Likita ya ce naushi ɗaya mai nauyi ya isa ya rufe idon har abada. Yadda aka yi ya wuce gwaji ban sani ba. Da na yi masa magana, cewa ya yi gara ya makance da a ce ya gudu daga gaban yaro. To, sai ka je ka ƙirga turmi takwas ɗinka.

Mohira

Kazan, 4 ga Afrilu

Ƙanwata,

Salam. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Na kira Shuhrat sau uku, na roƙa, na yi faɗa, har na ambaci kabarin Baba. Ya ce shi kenan ni ma na tsufa, ya kashe waya. Ina jin tsoro, Mohira, kuma ina jin kunyar abin da na rubuto miki.

Tolib

Andijon, 13 ga Afrilu

Zuwa ga Tolib-aka,

Assalamu alaikum. Ci abincinka, an fasa.

Ranar Lahadi maƙwabcinmu ya yi walimar aurar da ɗansa, maza suka taru cin dafa-duka da sassafe. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Shuhrat na zaune cikin dattawa sai ga Doniyor ya shigo, hannu a ƙirji, kai a sunkuye. Ya durƙusa ya ce shi maraya ne, kuma tun yana ƙarami hoton Shuhrat ke manne a ɗakinsa.

"Shuhrat-aka," in ji shi, "ba ni da uban da zai sa mini albarka kafin in shiga fage. Ka sa mini."

Ka san ba a mayar da mai neman albarka, balle a gaban mutum ɗari. Dattawa har sun ɗaga hannu suna jira. Shuhrat ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya faɗi abin da Baba ke faɗa muku: "Allah kada ya sa bayanka ya taɓa ƙasa." Kowa ya shafa.

Da ya dawo gida ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Ya ce wa Inna, "Ta yaya zan roƙi Allah kada bayansa ya taɓa ƙasa, sannan in je in kai shi ƙasa da hannuna?" Washegari ya janye. Ba wanda ya ce tsoro ne, a gidan shayi ma yabonsa ake yi. Inna ta yi kuka, ni kuwa sai da na yi barcin yini guda.

Ƙanwarka,
Mohira

Kazan, 22 ga Afrilu

Mohira,

Alhamdu lillahi, har sadaka na yi. Amma ki rubuta ki ajiye: da an yi, a turmi na takwas zai kayar da shi. Tambaya ɗaya. Yaro ɗan ashirin da huɗu ba ya irin wannan tunani shi kaɗai. Wa ya turo shi?

Tolib

Andijon, 2 ga Mayu

Tolib-aka,

Salam. Ni ɗinki kawai na sani. Gulchehra-opa tana gaishe ka.

Mohira