Dajin da Kuka Share Mini

Hatfield, Harare

Zuwa ga Yayana Tichaona,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maman Mazvita da yara, sanyin Leeds kuma bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a daidaita maka takardun zamanka, ka samu ka tako ƙasar nan kafin mu tsufa gaba ɗaya. Mu nan sai zafi, ruwan sama bai sauka ba tukuna. 'Yarka Mazvita tana lafiya a gidan mijinta, har ta yi kumatu, surukanta sai yabonta suke. Baffa Garikai ma lafiyarsa ƙalau, bakinsa bai gaji ba.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce abin ya wuce, a yi haƙuri, kana sauri za ka tafi aiki. To a wurina bai wuce ba, Yaya. Tun bikin Mazvita maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, yau kuwa sai na amayar da ita.

Na san abin da ciyawar gaban gidan nan take a wurinka, don ni ma 'yar Baba ce. Ya taso lokacin da baƙar fata ba ya taka irin wannan ciyawa sai in shi ne mai aske ta, shi ya sa da ya sayi gidan ya riƙa lallaɓa ta kamar jaririya. Amma Baba ya yi zamaninsa da ruwa a famfo. Kai ka tafi, ni na zauna da Mama cikin jinyarta, famfo ya bushe, rijiyar burtsatse ta fara ja da baya. Na sha tsayawa da bokiti ɗaya a hannu ina tunanin ko wankan Mama ko ciyawar Baba. Kuma me ciyawar take yi mana? Ta sha ruwa, a aske ta, ta sake sha. Ko fara ba ta sauka a kanta.

Bayan rasuwar Mama na ɗauki fartanya na tone ta da hannuna, kaɗan-kaɗan, in na taso daga makaranta. Duk hutun da na je ƙauye sai na dawo da wani abu a buhu. Na dasa gavakava, tsiron nan mai kaurin ganye da jan fure, da zumbanin da Mama take dafa mana in mura ta kama mu, da doguwar ciyawar jinka, da 'yan bishiyoyin musasa biyu da na raina tun suna iri. Ba su roƙe ni ruwa ba, na sama ya ishe su. A shekara ta biyu ƙudan zuma suka zo, sai malam-buɗe-littafi, sai ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke shan ruwan fure. Hawainiya ta tare a kan zumbani. Bushiyoyi suka yi gida a ƙarƙashin busassun ganyen da na daina sharewa, wata mujiya kuma ta riƙa sauka a kan katanga tana rage mana ɓeraye. Gidan da ya yi mini shiru bayan Mama ya sake yin motsi. Ban yi aure ba, ban haifa ba, kowa ya sani, kuma ba na jin kunyar cewa lambun nan shi ne abin da nake tashi dominsa da safe.

Da aka sa ranar kawo dukiyar auren Mazvita, tunda ba za ka iya zuwa ba ka wakilta Baffa Garikai, ya zo duba gida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu, ya ce, "Nyarai, mu mun baro daji a ƙauye, ke kin ɗauko shi a ka kin kawo mana birni. Surukai su zo su ce a jeji suka tsinci matarsu?" Na yi dariya, na zata tsokana ce irin tasa. Sai maƙwabciyarmu, wadda ba a tambaye ta ba, ta leƙo ta sanar da shi zancen mujiya. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce tuzuruwa ita kaɗai a gida, ga mujiya a katanga, mutane za su ce me nake kiwo, kuma wa zai bar ɗansa ya auri 'yar gidan da ake yi wa irin wannan zargi. Na ce masa mujiya ɓera take ci, ba mutum ba. Ya ce karatu ya ɓata ni. Na yi alkawarin zan datse abin da ya shiga hanya, in share tsakar gida, ya gyaɗa kai kamar ya yarda.

Ka san aikin gwaggon amarya a wurinmu, ba a raba shi da kowa. Ni zan je in zauna da yarinya in yi mata faɗan zaman aure, ni zan rako ta gida, ni zan zauna kusa da ita ranar taro. Don haka na tafi Mutare wurin Mazvita da zuciya ɗaya, ina yi wa 'yarka hidima. Ku kuwa kun san ranar tafiyata da ta dawowata, kuka auna ta daidai.

Da muka dawo na tsaya a ƙofa ina duba lambar gida, na ɗauka direba ya yi kuskure. Babu gavakava, babu zumbani, musasan nan biyu an sare su daga gindi. An shimfiɗa ciyawar sayarwa, irin wadda ake kawowa a naɗe kamar tabarma, kore shar, ana ganin sawun haɗinta. Baffa yana zaune a kujerar Baba yana murmushi, ya ce in gode maka, kai ka aiko a gyara. Mazvita ta kama hannuna tana kuka, ta rantse ba ta sani ba, na kuma yarda da ita. 

Na zagaya baya inda suka tara komai suka cinna wuta. Lokacin sanyi ne, Yaya, lokacin da bushiya take dunƙulewa cikin ganye ta yi barci mai nauyi, ba ta jin motsi balle ta gudu. Da na tona tokar da sanda na sami bushiyoyin a dunƙule yadda suka kwanta. Na binne su a gindin katanga, na wanke hannu, na shiga na ɗora tukunyar sadza, tuwon masararmu, don baƙi.

Yanzu bari in gaya maka abin da wayar da aka riƙe maka a falo kana kallon taron ba ta nuna maka ba. Surukan da aka yi wa wannan ɓarna dominsu, a waje suka wuni cikin motocinsu kamar yadda al'ada ta ce, ɗan aikensu ne kawai yake shiga yana fita. Da aka gama aka ba su izinin shiga, a duƙe suka shigo suna tafa hannu, kowa idonsa a kan takalminsa. Ko giwa aka ɗaure a tsakar gidan ba za su ɗaga kai ba. Ciyawar kuwa danginmu ne suka jera motoci a kanta, Baffa ne ma na farko. Ni ina zaune kusa da amarya ina murmushi, ana cewa gwaggo ta iya taro.

Yau ciyawar taku ta bushe ƙarmas, gefenta ya nannaɗe, iska na ɗaga ta. Ban ba ta ruwa ba, ba kuma zan ba ta ba. Tsuntsayen sun yi ta zuwa da safe suna sauka inda furanni suke a da, daga baya suka daina. Na je wurin Baffa na tambaye shi dalilin da ba a jira ni ba. Ya ce ya tambaye ka, kai kuma ka ce, "Gidan mahaifina ne, Nyarai tsaro kawai take yi." Na so a ce ƙarya ya yi maka. Amma da na maimaita maka kalmomin a waya, ba ka musa ba, cewa ka yi kana sauri.

Na gode da ka fayyace mini matsayina, don da ban sani ba. Na samu ɗaki kusa da makarantar da nake koyarwa, tsakar gidan siminti ne, babu abin da wani zai tone. Ƙarshen wata zan tashi, zan bar makulli wurin Baffa, sai ku nemi wani mai tsaron. Ba zan ɗauki komai ba sai kayan sawata da tukwanen Mama. Idan auren ƙannen Mazvita ya zo zan yi musu aikin gwaggo yadda ya kamata, don su ba su yi mini komai ba.

Ka gaishe mini da Maman Mazvita, ka ce ina tuna kirkinta. Ka gaishe da Ruvarashe da Anesu, Allah ya ba su sa'ar karatu. Kai ma ina yi maka addu'a, ko da yake kwanakin nan sai na tilasta wa bakina. In za ka ba ni amsa, ka rubuta duk abin da ka ga dama, amma kada ka sake ce mini "gidanmu".

Ƙanwarka,
Nyarai