Ramin da Ka Haƙa a Bayan Gida

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar safe, wadda ka saba amsawa bakinka cike da kunu. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka, don ka manta inda ka ajiye tabarau. Amma bakina ya cika da labari, labarin kuma naka ne, ba ni da wanda zan ba in ba kai ba.

Yau na fita takaba. Gida lafiya lau. Ɗanka Sani har yanzu zamansa na can Aubervilliers, gefen Paris, cikin kwalayen hajar tufafinsa, kullum tarho manne a kunne. Tun makon da aka kai ka makwancinka ya yanke shawara shi kaɗai, kamar yadda ubansa ke yi. Wai ranar da na fita takaba zai zo ya ɗauke ni zuwa Paris, a rufe wannan gida na Saint-Fons da ke gefen Lyon, a zuba ƙasa a cike ramin kifinka. Har ya gyara mini ɗaki a apartamarsu, wato gidansu, can saman bene inda ko tsuntsu sai ya huta kafin ya kai. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba. A raina dai na ƙudurta abu guda: in kifayenka suka mutu a wannan hunturu, babu sauran abin da ya riƙe ni a nan, zan bi shi. In kuwa suka rayu, ba da hannuna za a binne su da rai ba.

Ka tuna shekarar da ka haƙa shi? Shekarar da ka ajiye aikin masana'anta ce. Mazan mutane in sun huta sai su zauna masallaci ko su je Makka, kai kuma ka sayo shebur. Ɗan filin da na so in shuka yakuwa da kuɓewa, shi ka faɗa wa da haƙa. Ka kai gwiwa na ce ya isa. Ka kai ƙugu na ce rijiya kake nema? Da na ga ka kusa nutsewa zuwa ƙirji, sai na ce maka abin da har yau nake jin kunyarsa, wai in kabari kake haƙa ka faɗa mini in kira mutane. Dariya kawai ka yi, ka ci gaba da watso ƙasa. Ka ce kai ɗan bakin tabkin Madarunfa ne, ba ka iya tsufa inda babu ruwa, ni kuwa ƴar birnin Damagaram ruwan da na sani na tulu ne. Ka dasa bado, ka jera duwatsu, ka kawo jajayen kifi a cikin leda. Babbar cikinsu, mai farin tabo a ka, wadda ke ture kowa ta fara cin abinci, ka sa mata suna Uwargida. Ka ɗauka ban gane da wa kake ba?

Duk shekarun nan ban taɓa zama bakin ruwan ba. Kai za ka fita da kujera ka kira ni, ni in ce ina da aiki. Kududdufi nake ce masa. In sanyi ya shigo kuwa ko tagar baya ba na buɗewa, don haka ban taɓa sanin abin da ke faruwa a wurin da hunturu ba. Sai bana da takaba ta zaunar da ni, babu kasuwa, babu gidan biki, duniyata ta zama daga ɗaki sai bayan gida.

Ka tafi ganyen itatuwa na zuba. Na riƙa kwashe su daga kan ruwan da ragar nan taka mai dogon hannu, don na sha ganin kana yi. Sannan na ɗauki wata al'ada. Kowace safiya in na idar da salla sai in fita da abincinsu, in watsa, in ce Allah ya kai ladan gare ka. A gida da an yi maka sadakar waina da gumba an raba wa unguwa. A nan wa zan kai wa? Sai na ce ai kifi ma baki ne da shi. Da fari suna tasowa da gudu, Uwargida a gaba, ruwan har tafasa yake. Ina jin daɗi, ina cewa an karɓa.

Sannu a hankali suka fara nauyin jiki. Ganyen bado ya yi rawaya, ya yi baƙi, ya nutse. Korayen gansakukan da ke rufe ruwan suka ɓace, ruwan ya yi garau har ina ganin duwatsun gefe ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗin da ke hana mu barci da damina suka yi tsit, ban san inda suka shiga ba. Wata safiya na watsa abinci, babu wanda ya taso. Na ce ƙila sun gaji da na kanti, na jiƙa gero na zuba. Na marmasa burodi. Har ɗan tuwo na tsinka musu, Malam, kada ka yi dariya. Abinci ya yi ta yawo a kan ruwa yana kumbura. Ka san abin da ya zo mini a rai? Cewa na yi sadakar ce aka ƙi. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarka.

Sai ƙanƙara ta zo. Daga gefe ta fara, siririya kamar ɓawon da kunu ke yi in ya huce. Rana na fitowa ta narke, washegari ta dawo ta ƙara faɗi. Kafin mako ya zagayo ta haɗe bakin ramin gaba ɗaya. Na taɓa da yatsa, na ƙwanƙwasa, na ji dutse. Hankalina ya tashi. Ta ina za su shaƙi iska? Wane mahaluƙi za a rufe wa murfi haka ya kwana? Ban tsaya tunani ba na shiga kicin na ɗauko taɓaryata, wadda na taho da ita daga Damagaram kana mitar nauyin kaya. Na ɗaure zane, na tsaya bakin ruwa, na shiga kirɓa ƙanƙara kamar ina surfe.

Ƙarar ce ta fito da maƙwabciyarmu Madam Tereza, tsohuwar nan da kuke hirar shuke-shuke ta kan shinge. Ta fito da rigar barci da takalmin mijinta marigayi, tana ɗaga hannu tana kiran sunana. Faransancina na kasuwa ne, ka sani, amma na gane abin da take nufi. Wai duk dukan da na yi a sama, a jikinsu yake sauka a ƙasa. Wai ba yunwa suke ji ba, ba kuma mutuwa suke ba, barci suke, kuma cikinsu ba ya narka abinci da sanyi. Abincin da nake zubawa ruɓewa yake yana ɓata musu ruwa. Na tsaya riƙe da taɓarya kamar wadda aka kama da sata. Ashe da sunan sadaka nake ta cutar da su.

Ita ta koya mini abin yi. A tafasa ruwa a tukunya, a ɗora tukunyar a kan ƙanƙara, a bar ta ta ci rami da kanta, shiru, babu duka. Muka kwashe ruɓaɓɓen abincin da raga ta wannan ƙofa. Bayan kwana biyu wani ɗan ƙaramin kifi ya taso ciki sama. Na tsamo shi na binne a gindin shinge. Ni na kashe shi, Malam, da taɓarya ko da tuwo, Allah ya yafe mini. Da na gaya wa Sani a tarho sai ya ce ai sauran ma haka, na daina wahalar da kaina, ɗakina na nan yana jirana. Ban iya musa masa ba, don ni ma ban sani ba.

Daga nan aikina ya zama ɗora tukunya. Kullum da safe ramin tukunyar ya toshe, kullum in sake buɗe shi. A nan ne na fara ganin abin da kake gani. Ƙanƙarar nan ba fara ce fat ba kamar ta firigo. Akwai ƴan ƙwayoyin iska a cikinta, jere-jere, sun taso za su fita sanyi ya kama su a hanya. Akwai wani jan ganye da ya daskare a tsakiya, bai kai ƙasa ba, bai koma sama ba, ya yi wata guda a haka ko launinsa bai canza ba. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, bayan gidan ya yi fari tas, sai da'irar tukunyata kaɗai baƙa ƙirin. Tsuntsayen unguwa suka gano ta. Suna zuwa shan ruwa bi da bi, ƙanana da manya, suna barin sawunsu a kan fari. Har zalɓe ya zo, irin na tabkinku sak, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana leƙen ramin, ya gaji ya tashi. Wa ya gaya masa akwai ruwa a bayan gidan wani mutumin Madarunfa, a tsakanin hayaƙin masana'antu? Na ce to, ga masu karɓar sadakar an aiko mini.

Wata rana da hantsi rana ta faɗo daidai cikin ramin. Na shimfiɗa tabarma a bakin dutse, na kwanta rub da ciki, ni da girmana, na kare fuskata da hannu na leƙa. Da fari duhu kawai. Can idona ya saba, sai na hango ja-ja a ƙasa. Suna nan, Malam. Sun taru wuri guda a can ƙarshen zurfin, kai da kai, ko wutsiya ba sa kaɗawa. Na ƙura wa ɗaya ido har hawayen sanyi ya zubo mini, sai na ga gefen kansa ya buɗe a hankali, ya rufe. Na jira, na jira, ya sake buɗewa. Babu ci, babu motsi, dutse a kansu, amma ga rai ana riƙe musu da shi. Tsarki ya tabbata ga wanda bai manta da su a can ba. Uwargida dai ban gan ta ba.

Madam Tereza ta ce da ramin bai yi zurfi ba da duk sun daskare. Wai sanyi daga sama yake ci, can ƙasa kuwa ruwan ya fi ɗumi, ƙanƙara ba ta kaiwa. Ta ce kai ka san haka, shi ya sa ka yi ta haƙa. Me ya hana ka gaya mini? Ko ka gaya mini ina cikin faɗa ban ji ba?

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Kai ka ce a binne ka a nan kusa da ƴaƴanka, na kuwa tsaya a kan maganarka duk da ƴan'uwanka sun so a kai ka gida. Amma tun da sanyi ya kama, duk sa'ad da na kunna sofaj mai ɗumama ɗaki sai in ji kamar na ci amanarka. Mutumin da ke sa safa biyu tun kaka, mai cewa in rufe ƙofa iska na shiga masa ƙashi, shi na bari a ƙasar da ke daskarewa. Na san gawa ba ta jin ɗari, malamai sun faɗa, amma zuciya ba ta jin karatu. Ranar da na leƙa ramin nan na tuna labarin da kake ba yara na kifin nan gaiwa, yadda in tabki ya ƙafe take shigewa cikin laka ta kwanta, ƙasa ta tsage a kanta, shanu su bi ta kai, ita tana ciki har ruwan sama ya dawo. Ni a lokacin cewa nake ƙarin gishirin ƴan bakin ruwa ne. Ashe a can zafi ke rufe su, a nan sanyi, mai tsaron kuwa ɗaya ne. Tun ranar nake kunna sofaj ba tare da na nemi gafararka ba.

Makon jiya ƙanƙara ta fara sakin gefe. Ta yi ruwa-ruwa, ta rabu, jan ganyen nan ya samu ya nutse. Shekaranjiya na ji wani gurnani a bayan gida, na fita na tarar da kwaɗi, ban san ta inda suka ɓullo ba, sun cika gefen duwatsu da ƙwai mai yauƙi. Bado ya turo wani jan tsiro daga ƙasa, a naɗe. Ƙananan kifin suka fara yawo a tsakiyar ruwa kamar masu jin jiri. Na duba, na sake dubawa, babu farin tabo. Na ce shi ke nan, ita ce ta fi kowa girma, ita dukan ya fi samu.

Yau da safe na yi wanka, na sa sabon zane, matan ƴan garinmu na Lyon za su zo da azahar. Sani ya taso daga Paris da mota, yana hanya. Kafin kowa ya iso na ɗauki kujerarka na kai bakin ruwa, na zauna inda ka yi shekaru kana kirana. Madam Tereza ta ce yanzu ana iya gwada su da ɗan abinci kaɗan. Na ɗebo da yatsa uku, na yi bisimilla, na ce Allah ya kai ladan gare ka. Ƙananan suka matso suna shakka. Sai na ga ruwan ya motsa daga can ƙasa. Ta taso a hankali, ta rame, farin tabon nan a kanta. Ta ture na dama, ta ture na hagu, ta buɗe baki ta fara ci. Malam, an karɓa.

In Sani ya iso zan ba shi abinci tukuna, sannan in kawo shi nan ya gani da idonsa. Zan je Paris in ga jikoki, in kwana biyu in dawo, amma ramin nan ba za a cike shi ba ina numfashi. Yana da kyau, Malam. Tun shekarar farko na ga yana da kyau, bakina ne ya ƙi faɗa.

Ka yi barcinka. Allah ya sanyaya maka makwanci, ya kuma ɗumama shi, ka san abin da nake nufi. Sai ranar da za a buɗe mana murfi mu duka.

Taka har kullum,
Uwargida, daga kan kujerarka