Sautun Yaya Ummukulsum

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Sabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin asibitin da kake yi, ya raya mana su Mahdi. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau daidai gwargwado, wake ne bai taɓuka abin kirki ba. Hajiyar gidana gwiwarta tana nan yadda ka san ta. Mahaifiyarka, Yaya Ummukulsum, na je Zango na dubo ta. Jikin ya yi nauyi, ko ƙofar gida ba ta fitowa yanzu, amma bakin nan nata yana nan daram. Za ka yi mamakin ganin takarda daga kawunka alhali ga waya a aljihu. Na sha kiran ka da niyyar maganar nan, amma da ka yi sallama sai in ji bakina ya koma tambayar ruwan sama a garinku. Shi ya sa na ɗauko biro, shi ba ya jin nauyin kowa.

Tun bara na fara jin wata magana a bakin Okey, mai shagon kayan babur kusa da tasha, wanda yake fita waje saro kaya. Ya ce katin banki irin namu yana iya tsallaka iyaka ya yi wa mutum yaji. Kuɗinka na ciki, kana ganin su a waya, amma na'urar can ta ce ba ta san ka ba. Na yi dariya na wuce. Ni a gaban masu ba da labari na girma, na san matafiyi in ya dawo sai ya ƙara wa zance gishiri don a daɗe ana sauraron sa. Kai ma da ka ji za mu tafi Umara ni da Hajiya, ka ce in canja kuɗi isassu in riƙe a hannu, ko in je banki a yi mini katin da aka tanada domin ƙasar waje. Na ce maka to. Ka san irin wannan to ɗin na tsofaffi, wanda ake yi don yaro ya yi shiru.

Gaskiyar magana, na shirya tafiyar nan da taƙamar iya tattali. Wani mai haɗa tafiye-tafiye ya tara mu dattawa, 'yan fansho da tsofaffin manoma daga Daura da Dutsi da Mai'adua, ya zaɓa mana lokacin da ba cunkoso, jirgi ya fi sauƙi. Masauki nesa da Harami, sai an shiga mota, na ce ai tafiyar ma lada ce. Hajiya ta haɗa mana garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da kilishi, don kada mu riƙa sayen abinci. Duk wannan ya yi amfani, ba na musu. Inda na tafka kuskure shi ne wajen 'yan canji. Da na ga abin da za su yanka, sai raina ya ƙi. Na canja ɗan kaɗan na sa a aljihu, na bar sauran a kati, na ce in na je can na'ura ta yi mini canjin ba tare da ta cinye rabon ɗan canji ba. Har a cikin jirgi ina koya wa abokan tafiya wannan dabara, kamar ni na ƙera katin.

Kafin mu tashi na je yi wa Yaya sallama, ta ba ni sautu. Ba dabino ta ce ba, ba darduma ba, ba zobe ba. Farin yadi take so na likkafani, a saye shi a Makka, a wanke shi da ruwan zamzam a can, a shanya shi a ranar garin, kamar yadda aka kawo wa mahaifiyarmu tun muna yara. Ta ce ita ba ta samu zuwa ba, kuma ta cire rai, to ko yadin da za a naɗe ta da shi ya je a madadinta. Ta fara kwance haɓar zaninta za ta ba ni kuɗin, na riƙe hannunta na ce kada ta kunyata ni. Matar da ta goye ni, ta tauna mini abinci, ita ce za ta biya ni kuɗin yadi? Na ce ta ɗauka ya riga ya zo.

A Makka sai na bar sayayya zuwa ranar ƙarshe, don wani da muke ɗaki ɗaya ya ce shagunan bayan gari sun fi araha, in aka tara kaya kuma a fi samun ragi. Kafin ranar ta zo, gwiwar Hajiya ta ƙi a tsakanin Safa da Marwa, dole na ɗauki mai tura keke. Riyal ɗin hannuna a nan suka tafi, kuma ban yi da-na-sanin wannan ba. Ranar tashi na shiga shagon yadi, na zaɓi mai kauri mai kyau, mai shago ya auna ya yanke ya naɗe. Na zaro kati kamar wani attajiri. Na'urar ta yi ƙara ta ƙi. Ya sake sawa, ta ƙi. Na goge katin a jikin rigata, na yi bismilla, ta sake ƙi. Mutumin ya dube ni, da 'yar Hausarsa ta kasuwa ya ce mini babu. Abokan tafiyata suna tsaye a bakin shagon, kowa da riyal ɗinsa a lalita, mutanen da na yini ina yi wa karatun kati. Da na buɗe baki na roƙi ɗaya daga cikinsu, da yanzu ba na wannan rubutu. Sai na fito na ce musu yadin ne bai yi mini ba.

Da muka sauka Kano na shiga Kantin Kwari na nemi irinsa. Katin nan da ya gama wulaƙanta ni, ana sa shi ya amsa kamar an kira sunansa. A gidan da muka kwana na buɗe jarkar zamzam ɗin da muka zo da ita, na ɗiba a tafin hannu na yayyafa wa yadin kamar mai shirin guga, na shanya shi a igiyar wanki a Fagge. Na gaya wa kaina ai ruwan dai shi ne. Da na kai wa Yaya, ta karɓa da hannu biyu ta kai hanci, ta ce ƙanshin Makka. Turaren Hajiya ne da ya zube a jaka. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye. Ban ce mata daga Makka yake ba, Sabiru, ita ta faɗa. Ni dai na ce alhamdu lillahi, kuma na san wannan ba wanke kai ba ne.

Da na ji kana shirin taka Umarar a watan gobe, sai na ƙulla wata dabarar. Na ce in roƙe ka ka kawo na gaskiya, in haɗa baki da ƙanwarka Fadila da ke jinyar ta, a musanya a ƙasan akwati ba tare da kowa ya sani ba. Ina cikin wannan saƙe-saƙen Allah ya yi wa Siddiƙa rasuwa, matar Malam Ɗantsoho, maƙwabciyar Yaya. Ka san ta, ita ce take kawo muku fura kuna yara, ita da Yaya tare aka kawo su Zango suna amare. Na je jana'iza, na tsaya a sahu, na sa hannu aka ɗauki makara. Sai a wurin zaman makoki Fadila ta ja ni gefe ta gaya mini cewa Yaya, da ta ji rasuwar, ta sa an buɗe akwati an ɗauko yadin, ta ce a kai a yi wa ƙawarta sutura da shi. Wai Siddiƙa ta fi ta son zuwa Makka, kuma ita ta riga ta barin duniya.

Na shiga wurin Yaya a ranar. Ta ce kada in ji haushi ta kyautar da abin da na sha wahalar kawowa. Ta ce ita in lokacinta ya zo a naɗe ta da na kasuwar Zango, ya ishe ta. Tana faɗa tana murmushi, amma na ga yadda take duban akwatin. Ni ma na san yadi ba ya ceton kowa, aikin mutum ne yake bin sa, kuma Siddiƙa ta tafi da nata aikin. Sai dai Yaya ta ba da abin da ta fi so a duniya, alhali ni na san abin da ta bayar.

To ga roƙona. In ka isa Makka, kafin ka sayi ko ƙwayar dabino, ka fara sayen yadin nan, ka wanke shi a can, ka shanya shi a can. Ka riƙe riyal a hannu ko da katinka na waje ne, ka bar ɗan canji ya ci rabonsa. In da mai dawowa kafin kai, ka ba shi ya taho da shi, don ba na son yadda numfashinta yake yi kwanan nan. Maganar musanya kuwa ta mutu. Da hannuna zan kai mata, in zauna a gabanta in gaya mata daga ina na farkon ya fito. Kada ka riga ni ta waya. In za ta zage ni, ta zage ni ina durƙushe.

Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan Mahdi da ƙannensa. Ka gaida ɗan'uwanka Usman in kun haɗu, ka ce masa kawunsa yana cigiyar sa. Hajiya tana gaishe ku, Fadila ma haka, autana Zakiyyu ya ce a tuna maka da hular da ka yi masa alkawari.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne labarin da ke yawo. A Zango yanzu ana cewa an rufe Siddiƙa da yadin da ya yi ɗawafi. Wasu sun ce har jikin Ka'aba na goga shi. Ni da na saye shi, ni ake tsayarwa a hanya ana ba labarinsa. Wanda ya ba ni na ƙarshe shi ne Malam Ɗantsoho da kansa, ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce tun da aka gaya masa abin da aka lulluɓe ta da shi yake samun barci.

Ka sa ni a addu'a in ka je.

Kawunka,
Dabo