Agar ɗina ya ƙi kamawa, visa kuma ta kusa ƙarewa

Anti Raki, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina shekarar ƙarshe ta PhD a Birmingham. Bincikena a kan agar ne, wani abu mai kama da jeli da ake fitarwa daga ciyawar teku, ana renon ƙwayoyin cuta a kansa a lab. A proposal ɗina na ce hanyar da na ƙirƙiro za ta ba da agar mai ƙarfi ko da wane lokaci aka ɗebo ciyawar. Wadda aka ɗebo da sanyi ta yi kyau, har supervisor ɗina ya nuna sakamakon a taro. Ta bazara kuwa, Anti, sai ka ce kunu. Sau tara ina maimaitawa. Na auna, sinadarin sulfate ne ya yi yawa a cikinta, shi ke hana shi kamawa, hanyata kuma ta kasa rage shi.

Alice, technician ɗin da ta san kan injinan, an sallame ta da aka rage ma'aikata. An soke tafiyar ɗebo ciyawa ta bana. Scholarship da visa duk a Satumba za su ƙare. Maigidana yana Manchester da 'yarmu mai shekara huɗu, Juma'a zuwa Juma'a nake ganinsu. Makon jiya ta faɗi a gabana, ta wuce ni da kuka ta nufi babanta. Bai taɓa yi mini gori ba, amma ya fara tambayar yaushe zan gama.

Wani abokin karatuna ya ce in cire sakamakon bazarar kawai, ba wanda zai sani. Wallahi sau biyu ina buɗe file ɗin. Ban goge ba, ban kuma iya rubuta komai ba.

Mai neman mafita, Aston

'Yata, sannu. Kada ki goge ko layi ɗaya. Na fahimci abin da ke jan ki: gajiya ce da kewar yarinya, ba halin ƙarya ba. Amma in kika cire, duk ranar da aka kira ki dokta gabanki zai faɗi.

Ni ba masaniyar ciyawar teku ba ce. Sai dai a wasiƙarki kin faɗi lokacin da agar ke lalacewa, kin kuma faɗi dalili. Ai wannan ma sakamako ne, ko da ba shi kika yi fata ba. Kai wa supervisor ɗinki duka biyun cikin makon nan, ki tambaye shi ko za a sake fasalin thesis ɗin a kan bambancin lokutan. Daga nan ki wuce ofishin ɗaliban ƙasashen waje kan visa, tun da sauran lokaci. Ban ce lallai za su ƙara miki ba.

Maigidanki kuma yana da haƙƙin tambaya, shi ma ɗawainiya yake. Faɗa masa komai, har zancen gogewar. 'Yarki ba ta manta ki ba, wanda ta saba gani kullum ta nufa.

Allah ya ba ki sa'a, Ya haɗa ku a gida ɗaya.

Anti Raki