Da "Ai" Aka Sauke Tsohon Daga Bas, Ni Kuma Na Ce Ban San Shi Ba

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. 

Ni 'yar Gadarif ce ta ƙasar Sudan, nan aka haife ni. Kakana ne ya taho a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noman dawa, bai ƙarasa ba. Sati uku da suka wuce na kai mahaifiyata Habasha wajen yayana saboda asibiti, na juyo ni kaɗai. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san azabarta, bas ya hau dutse yana nishi, taya ta fashe a zube ku a rana, a sake loda ku kamar buhunan riɗi. A Gondar aka zaunar da wani tsoho kusa da ni, ina ji ya ce, "Wash, gwiwata!" sai na juyo na ce, "Sannu Baba." Wallahi sai da ya yi ƙwalla. Ya ce, "'Yata, kwana huɗu rabona da in ji Hausa a bakin wani." Daga Najeriya yake, wanzami ne, jirgi ya sauke shi a Habasha ya biyo mota. 'Yarsa da ke aure a Gadarif ce ta haihu bayan shekara tara tana nema, shi kuma ya rantse da hannunsa zai yi wa jikan aski. Larabcinsa na salla ne kawai, ga kunne ya yi nauyi. Muka yi ta hira, ya ba ni dambun nama, na ba shi dabino, ya yi ta tsokanata wai Hausata ta sha Larabci har ta shaƙe. Ni da shegen baki na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, har ƙofar gidan 'yarka zan kai ka." Wa ya aike ni?

Da muka tsallaka iyaka a garin Gallabat aka buga masa hatimi a fasfo a gabana, takardunsa lafiya lau, muka canza bas. Nan na raɗa masa, "Baba, daga nan mu rage Hausa." Kun san yadda hanya ta koma tun da aka fara yaƙin nan. A ji bakinka da wani yare sai a fara, daga ina kake, asalinka ina, wa ya san ka. Ƙanina an taɓa riƙe shi kusan sati uku don kawai an ji yana waya da Hausa, ya dawo ko magana ba ya son yi.

Mun wuce garin Doka kaɗan, rana tsaka, aka tsayar da mu a shingen bincike. Wani mai bindiga ya shigo yana bin kujeru, ya karɓi fasfon Baba ya jujjuya, sai ya ce masa, "Indak silah?" wato kana da makami? Baba ya kama kunne ya ce, "Ai... ai ni, yaro..." Innalillahi! Ku da ke Najeriya ba za ku gane ba, a Larabcin nan namu "ai" na nufin e. Mutumin ya zaro ido ya ce, "Ai?" Baba kuma, irin na dattijo mai son a rabu lafiya, ya gyaɗa kai yana murmushi, "Ai, ai." Nan take aka finciko jakarsa, aka zazzage zabira, ga asake sun zubo suna ƙyalli. Ni kaɗai a motar na san abin da ya faru, magana ɗaya ce za ta warware shi. Mutumin ya ɗaga murya ya ce wa ke jin yaren tsohon nan? Na kafa ido a taga. Baba ya taɓa gefen mayafina ya ce, "'Yata, gaya musu mana, kayan aski ne." Mai bindigar ya juyo kaina, "Kin san shi?" Sai na ga fuskar ƙanina, na ga 'ya'yana uku a gida. Na ce, "La." Ban san shi ba.

Baba ya dube ni, ko fushi bai yi ba. Ya ce, "To. Allah ya kai ki lafiya." Aka sauke shi yana jan ƙafa, direba ya ja mota. Wace irin mace ce ni? Dambunsa fa yana cikin jakata a lokacin!

Tun ranar ban ƙara cin abinci ya zauna ba. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Mijina ya tambaye ni na ce gajiyar hanya ce. Ina tsoron yana raye a wani ɗaki ba mai jin maganarsa, ina tsoron kuma ba ya raye. Sai ga shi ranar Talata wata mata ta yi sallama, goye da jariri, gashi cunkus a kansa ba a aske ba. Tun kafin ta buɗe baki na gane ta, kamarsu ɗaya. Gida-gida take bi tana neman waɗanda suka biyo hanyar Habasha. Ta ce, "Yaya, an ce kin taho a satin. Ba ki ga wani tsoho dogo mai farar hula ba? Babana ne, tun daga Gondar wayarsa ta daina shiga." Na zuba mata shayi, na ce, "Wallahi motoci da yawa ne, ban lura ba." Har da wallahi, jama'a. Ta yi godiya, ta ce in sa su a addu'a.

Jiya ta dawo. Mijinta yana can gonakin riɗi wajen girbi, ba a samunsa a waya. Ita a zatonta uban bai tsallako iyaka ba, don haka za ta tafi Gallabat nemansa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, Larabcina na kasuwa ne, in aka tsayar da ni ruɗewa nake yi. Ke kin san hanya, ki taimaka ki raka ni. Na riga na kama mana kujera biyu a bas ɗin Asabar." Na ce mata to, don ban san me zan ce ba.

In na faɗa mata gaskiya, dole in tsaya gaban mutanen nan in ce ƙarya na yi musu, kuma ban san ko za su bar ni in koma wajen 'ya'yana ba. In na yi shiru, zan zauna kusa da ita mu wuce daidai inda aka sauke ubanta, tana leƙen gaba. Yau Alhamis. Don Allah ku ba ni shawara, me zan yi?